Cif a Cikin Takalmi

Har yau in na tuna maganar nan sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Mutane suna ce min in manta, wai ai wasa ne. Ba su suka sha ruwan gishirin tekun nan ba, shi ya sa suke da bakin magana.

Aikin gadi ne ya kawo ni Doha. Ni mutumin Wudil ne, a bakin kogi na tashi, kuma tun kafin in iya haɗa baƙi na iya nutso in ciko kwano da yashi in miƙa wa masu kwale-kwale. A Doha kuwa ba wanda ya taɓa tambayata abin da na iya. An ba ni riga mai ruwan toka, an maƙala min lamba a ƙirji, an nuna min ƙofar wani babban kanti an ce in tsaya. Na tsaya. Awa goma sha biyu nake yi ina buɗe wa mutane ƙofa ina yi musu barka da zuwa da Turanci, su wuce ba su ko waiga inda muryar ta fito ba. In sufabaiza zai kira ni, lambar yake kira.

Mu shida ne a ɗakinmu a unguwar Najma, gado bisa gado. Wanda ke kwana a ƙasana wani dattijo ne mutumin Zangon Kumasi, shi ma mai gadi, amma a wani kamfanin daban. Ya fi ni daɗewa a ƙasar nesa ba kusa ba. Ina ce masa Yaya, shi kuma yana ce min ɗan Kano. Shi ke jan mu sallah in mun haɗu, shi ke dafa mana wake da shinkafa irin ta Ghana ran Juma'a, kuma shi ke raba mu in faɗa ya tashi a kan wa ya bar na'urar sanyaya ɗaki a kashe. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da wani lokaci yake ba ni haushi.

Da korona ta zo aka rufe kantin, amma mu ba a rufe mu ba. Gadin ginin da babu kowa a ciki muka koma yi. Bas ɗin kamfani ya zama abin tsoro, kowa na tari a cikin takunkumi yana harare-harare. A lokacin ne wani ɗan ɗakinmu mai kai wa mutane abinci aka sallame shi, ya tafi gida ya bar kekensa a ƙarƙashin bene. Tsohon keke ne mai nauyi, da alamar inda akwatin abinci yake zama a baya. Na cire ƙarfen akwatin, na sa masa mai, na fara hawa zuwa aiki don in guje wa bas. Titunan Doha fayau, ba mota, ba hon. Karo na farko tun zuwana na ji ina tafiya inda ni na ga dama, da saurin da ni na ga dama. Da aka sassauta kulle sai na fara zagayawa ta Corniche, babban titin bakin teku, bayan na tashi aiki, in wuce jiragen katakon nan da ke ɗaure a bakin ruwa, in je ƙarshe in dawo.

Bayan kantuna sun buɗe, wata Asabar aka ɗebe mu aka kai mu gadin wani tsere. Irin wanda ake haɗa abu uku ne a jere, mutum ya yi iyo a teku, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu. Triathlon suke ce masa. An tsayar da ni kusa da inda ake ƙarewa. Na ga zaratan da suka zo farko, ba su dame ni ba, wannan sana'arsu ce. Na ƙarshe-ƙarshen ne suka tsaya min a rai. Wani mai tumbi ya iso yana jan ƙafa kamar zai faɗi, sai na ji lasifika ta kira sunansa, cikakke, da na ubansa. Aka tafa masa. Ya je gaban wani allo ya tsaya yana neman kansa, ya samu, ya ɗauki hoto. Na ce a raina, wannan da za a jefa shi a kogin Wudil da damina, sai an nemo masunta. Amma ga sunansa a allo, ni kuwa ina riƙe masa shinge.

Abin da nake so ke nan, kuma ba zan yi masa ado ba. Ba lafiyar jiki na je nema ba, ba kyauta ba. So nake sunana ya fito a allon nan sau ɗaya a garin nan, a jere da na sauran mutane, da lokacin da na yi a gefensa.

Na fara gudu daga Najma zuwa bakin teku. Ran hutuna in bi bas zuwa wani bakin ruwa a wajen gari in yi iyo. Ruwan teku ba ruwan kogi ba ne, yana ɗaga mutum sama amma yana cin ido, kuma ban taɓa iya tsoma fuska a ciki yadda suke yi ba. Iyon Wudil nake yi, kai a sama, ido a gaba. Yaya yakan dube ni in na dawo ina ɗingishi, ya ce, “Ɗan Kano, tsayuwan awa sha biyu bai ishe ka ba, sai ka ƙara da gudu? Wa ya kore ka?” In ce masa babu. Ya ce to Allah ya ba da hankuri.

Sai gasar kofin duniya ta zo ta cinye min wata guda da ɗoriya. Aka ba ni wani ƙaton hannun soso da lasifika, aka ajiye ni a mararraba ina nuna wa baƙi hanyar jirgin ƙasa. Wannan hanya, wannan hanya, haka nake ta faɗa tun rana na tsaka har muryata ta dushe. Mutanen duniya duk sun wuce ta gabana, wasu suka ɗauki hoto da hannun soson. Ƙafafuna suka kumbura har igiyar takalmi ba ta ɗauruwa. Keken ya yi ƙura a ƙarƙashin bene. Da aka gama aka kwashe tutoci, na dubi kaina na ga duk abin da na tara a jiki ya zube, sai na sake farawa daga tushe, da haushi. A cikin wannan haushin na yi rajistar shiga tseren.

Ana gobe tsere na je na karɓo jaka. A ciki akwai hular roba, da lamba, da wani ɗan baƙin abu a jikin maɗauri mai faɗi. Cif suke kiransa. Matar da ta ba ni ta ce a idon sawun hagu ake ɗaurawa, shi ne zai gaya wa na'ura lokacin da na shiga ruwa da lokacin da na fito da duk sauran, kuma kada in cire shi har in gama. Na ce na ji. Don tsoron mantuwa ma tun a ɗaki na ɗaura shi. Da na gaya wa Yaya inda za a yi, ya yi dariya ya ce ai kamfaninsu ne aka ba gadin wurin, shi ma can zai yi duti.

Na isa wurin a kan kekena ana kiran assalatu daga nesa. Na rataye shi a layi tsakanin kekuna biyu da ko taya ɗayarsu ta fi nawa daraja. Wani ya dubi keken, ya dube ni, ya tambaye ni ina ake samun ruwan sha. Na ce ban sani ba, ni ma tsere na zo. Ya ce au, yi haƙuri. Na yi alwalata tun daga gida, amma don tsoro na shiga bayi sau biyu. Ina fitowa na ci karo da Yaya cikin rigar aiki. An ajiye shi a daidai inda masu iyo za su fito daga ruwa, kuma a lokacin ba kowa a wajen.

“Ka yi asuba?” ya ce.

“Alwalar ta tafi, Yaya.”

“To yalla, yi sauri. Minti biyar ne, ba wanda zai duba ni.”

Muka zaga bayan bayin da gorar ruwa da kwali biyu. Na cire takalmi na tsuguna. Da na zo ƙafar hagu sai ga maɗaurin nan ya rufe idon sawu ruf. Ban yi wani tunani ba. Tun ina yaro aka koya min ruwa ya kai idon sawu, ba a barin lam'a. Hannuna ne ya kwance shi da kansa. Kuma don kada ya jiƙe na tura shi cikin takalmi. Abin da aka yi don ya shiga teku, ni nake kare shi daga ruwan gora. Yaya ya ja mu raka'a biyu, muna sallamewa lasifika ta fara kiran masu hula kalar tawa. Na suri takalman na ajiye su gindin keke, na ruga bakin ruwa ba takalmi kamar kowa.

Iyon nan na yi shi. Ina so a ji wannan da kyau, domin a kansa ake magana. Aka busa, muka faɗa, wani ya shure ni a haƙarƙari, wani ya hau bayana kamar ni ne tudun. Na sha gishiri har sau uku. Na bar su suka yi gaba, na kama iyona na gida. Wani mai ƙaramin kwale-kwale da aka sa ceto ya biyo ni yana tambaya ko lafiya, don ya ga kaina a sama ya ɗauka nutsewa nake. Na ɗaga masa hannu. Su masu tsoma fuska sai su karkace su yi wani wajen su dawo, ni kuwa ina kallon balan-balan ɗin da aka kafa a ruwa, na miƙe sak. A dawowa na fara wuce mutane. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na miƙe ina layi, ga Yaya tsaye a bakin shinge, hannu a baya. Bai motsa ba, amma da na zo daidai shi na ji ya ce ƙasa-ƙasa, “Yalla, ɗan Kano.”

Na isa gindin keke, na zura ƙafa a takalmi, yatsana ya taɓa abu. Na zaro shi a bushe ƙarau. Na duba hagu da dama, kowa na ta kansa. Na ɗaura shi da sauri na ce a raina, ai kowa ya gan ni a ruwa, in an gama zan yi musu bayani. Da wannan na hau keke.

Kilomita ashirin a kan keken kai abinci ba abin ba da labari ba ne. Ana wuce ni kamar ina tsaye, iska daga teku tana tura ni baya. Gudun kilomita biyar kuwa, ƙafafun kamar aro na yi su. Amma mai gadi ya san yadda ake zama a cikin ciwon ƙafa ba tare da an yi masa magana ba, a nan na rama kaɗan. Na tsallake layin ƙarshe. Lasifika ba ta ce komai ba. Wata ta rataya min lambar ƙarfe a wuya, wani ya tsuguna ya kwance cif ɗin ya jefa a bokiti.

Na je gaban allon. Na bi shi daga sama har ƙasa, na jira ya juya, na sake bi. Babu ni.

Wata rumfa aka ce in je. Wani mutum ne zaune gaban kwamfuta, da katin shaida a wuya. A gabana akwai wata Baturiya da ke cewa nata cif ɗin ya tsinke ya faɗa teku. Ya yi mata murmushi ya ce hakan na faruwa, ya leƙa agogon hannunta mai ƙirga tafiya, ya buga wani abu, ya ce khalas, wato shi ke nan, za ta ga sunanta. Na ji sanyi a raina. Da layi ya zo kaina na gaya masa lambata, na ce na cire cif ɗin don alwala na manta shi a takalmi, amma na yi iyon. Ya duba kwamfuta ya ce na'ura ba ta gan ni ba sai a wajen fita da keke. Na ce haka ne, abin da nake faɗa masa ke nan. Ya tambayi agogo. Na ce ba ni da irinsa. Sai ya ɗago ya dube ni tun daga kai har takalman.

“Wane kamfani kake wa aiki?”

Na ce me ya haɗa kamfani da wannan?

“Ka iya iyo kuwa?” ya ce. Da murya mai laushi ya faɗa, kamar mai taimakona. “Wasu sukan tsallake ruwan su fara daga keke. Ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro, amma ba za mu sa shi a sakamako ba.”

Ban san sanda na buga teburin ba. Gishiri na bushe a gashina, idona ja wur, wandona bai gama bushewa ba, mutumin nan yana tambayata ko na iya iyo. Ita wadda ta wuce yanzu ya tambaye ta ko ta iya? Ya tambaye ta kamfaninta? Na san kuskurena ne, an gaya min kada in cire na cire, da ya ce doka ce kawai da na haɗiye na tafi. Amma bai ce na yi kuskure ba, cewa ya yi na yi ƙarya. Na ce a kira mai kwale-kwalen da ya bi ni. Ya ce sun tattara sun tafi. Sai na juya na hango Yaya yana naɗe shinge, na nuna shi na ce ga wanda ke bakin ruwa can, shi ya gan ni na fito.

Wannan nuni da na yi shi ne abu na biyu da na yi ba tunani a ranar. Mutumin ya sa aka kira sufabaizan masu gadi, sufabaiza ya kira Yaya da lambarsa. Ya zo ya tsaya, hannu a baya. Sufabaiza ne ya yi tambayar, ba mai kwamfutar ba. Ya ce wannan mutumin ya ce wai ya cire cif a wajen sallah, kuma wai kai ka gan shi, ka san shi ne? Ina ka gan shi?

A lokacin na gane abin da na jawo. In Yaya ya ce ya san ni, tambaya ta gaba ita ce ina aka yi sallar, da wa, kuma wa ke tsaye a bakin ruwa a lokacin. Barin wurin aiki ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, ga shi bayan kofin duniya ana ta rage mutane, dattijai ake fara cirewa. Na san duk wannan. Amma duk da haka na tsaya ina kallon bakinsa ina jira.

Bai dube ni ba. Ya ce da Turanci, “Sir, mutane da yawa sun fito. Duk hula iri ɗaya.”

Mai kwamfutar ya buɗe hannuwa, ya ce in rubuto musu ta imel. Na cire ƙarfen da aka rataya min na ajiye masa a kan tebur. Na ɗauki kekena na tura shi da ƙafa har na yi nisa.

A hanya na zagi kowa. Na zagi mai kwamfutar da murmushinsa, na zagi sufabaiza, na zagi wanda ya ƙirƙiro na'urar da aka fi yarda da ita a kan mutum jiƙaƙƙe tsaye a gabanka. Na zagi kaina fiye da kowa. Wasu in sun yi irin tseren nan sai su dawo suna cewa ya koya musu juriya, ya koya musu yarda da kai. Ni abin da ya koya min shi ne, wahalar ruwa da keke da gudu duk ɗaya ce ga kowa, amma in abu ya ɓaci aka zo gaban tebur, wani bakinsa ya isa shaida, wani kuma sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Kuma wanda zai tsaya maka irinka ne, shi ma a kan siraɗi yake.

Yaya ya dawo ɗaki bayan la'asar. Ina kwance a sama, fuskata a bango. Na ji ya cire takalmi, ya zauna a gadonsa, gadon ya yi ƙara. Sauran ba su dawo ba. Ni na fara magana, ban juyo ba.

“Hula iri ɗaya, ko Yaya?”

“Ka yi hankuri.”

“Kai ka ce in zo mu yi sallar. Kai ka ce yalla da na fito. Da bakinka.”

“Na sani.”

“Mutumin nan ya ce ban iya iyo ba, kana tsaye.”

Na ɗauka ya gama, don haka yake, in magana ta yi zafi sai ya bar ta ta huce ita kaɗai. Sai na ji ya ce, “Yara huɗu ke makaranta a Kumasi, ɗan Kano. Ban iya ba.” Ya ja numfashi. “Amma na gan ka. Da ka wuce na fara ƙirga masu hula irin naka. Arba'in da uku suka fito bayanka. Ban bar ko ɗaya ba.”

Na juyo na leƙo shi daga sama. Yana zaune ya dafa gwiwoyi, rigar aikin tana jikinsa, bai ɗago ba. Na so in ce masa me zan yi da arba'in da uku a cikin ɗaki, ina za a rubuta shi, wa zai gani. Maganar ta zo har bakina. Na tambaye shi ko ya tabbata.

“Arba'in da uku,” ya ce. “Na ƙarshen sai da mai kwale-kwale ya jawo shi.”

Imel ɗin na rubuta, ba a amsa ba. A takardar sakamakon tseren babu sunana, kuma ban huce ba. Mun ƙara shekara guda a ɗakin nan ni da shi kafin kamfaninsu ya sallame shi duk da haka.